Baƙin itatuwa a Nijar: wa ya kawo su, kuma wa ake tambaya takarda yau?

Duk inda masu garka suka zauna, daga Jiratawa har Mirriya, in aka taɓo zancen shigo da dashe daga waje sai rai ya ɓaci. Doka ta ce wanda zai ƙetaro iyaka da tsiro ko iri sai da izini da takardar shaidar lafiyar tsiron, kuma dokar kare tsirrai ta 2015 ta ƙara jaddada haka. Mai garka kuwa cewa yake: "Mangwaro mai aure guda goma na sawo a Jibiya, shi ne zai ɓata ƙasa?" Kafin mu ba kowa gaskiya, bari mu waiwaya baya.

Mu fara da dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi. Yaro na yau zai rantse icen kakanninmu ne, alhali daga ƙasar Indiya ya fito, kuma a zamanin Turawa ya iso Afirka ta Yamma. A 1965 aka soma dasa shi kewaye da Yamai don tare iska da ƙura. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara jera shi layi-layi a kwarin Majiya, wajen Buza, cikin jahar Tawa, inda iska ke kwashe ƙasar gona tana binne hatsi tun yana ƙarami. Layukan sun kama, gonaki sun samu sauƙi. Mangwaro ma ɗan Indiya ne, haka zogale. Gwaiba, tumatir, rogo da masara daga nahiyar Amurka suke. Ko magaryar nan mai manyan ƴaƴa da ake kira "pomme du Sahel", irin Indiya ne aka aura wa tamu ta gida, cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa ta. In aka fidda baƙi daga garkarmu, me zai saura? Kaɗan ne, wallahi.

Amma ba kowane baƙo ne ya zo da alheri ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, hankalin kowa ya tashi. Gwamnatin Seyni Kunce ta kira babban taro a Maradi a 1984 kan yaƙi da hamada, furoje-furoje suka bazu, ana neman icen da zai jure ƙishi ya tsaida rairayi. Nan aka rungumi Prosopis, wani ice mai ƙaya ɗan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Ya tsaida rairayin kam. Sai dai awaki da shanu suna cin ƴaƴansa, su kasayar da ƙwayar a duk inda suka bi, ta tsiro. Da tabkin Cadi ya ja baya, icen ya mamaye filin da ruwa ya bari a wajen Gigimi da Boso, ya zama kurmin da jirgin masunta ba ya ratsawa, manomi kuma sai ya sha sara kafin ya samu wurin shuka. Gaskiya mutanen can suna samun itacen girki da gawayi a jikinsa, amma ba wanda ya shawarce su ran da aka kawo shi. Abin da muke so a riƙe shi ne, ba mai garka ne ya ɗauko shi a bayan babur ba. Da motar hukuma da kuɗin masu agaji ya shigo, an kuma yi masa ban ruwa.

A kogin Kwara kuma wata ciyawa mai shuɗin fure, ƴar yankin Amazon, ta bayyana a Yamai wajen ƙarshen shekarun 1980. Kyan furenta ne ya sa mutane suka yawata da ita duniya a matsayin ado. Yau tana toshe bakin injinan ban ruwa na gonakin shinkafa, tana hana jefa taru. Wannan kam hujja ce babba ga masu doka, don irinta a tukunya guda ake ɗauko ta. Ga kuma tsutsar tumatir da ta ƙone garake a Nijar da Najeriya shekarun baya. Irin waɗannan ƙwari a jikin ganye da cikin kwando suke tafiya, ba sa tsayawa a duwan.

Saboda haka mu ba mu ce a soke doka ba. Damuwar masu garka ita ce yadda za ta sauka a kansu. Babban ɗan kasuwa yana da mai bi masa takarda a birni. Wanda ke sayen dashe ashirin a kasuwar ƙetare, tafiyar neman izinin kaɗai ta fi kuɗin dashen. In bai samu ba, zai bi ta daji, inda ba mai duba ko ganye ɗaya, ko ya miƙa ɗan abu a hanya, ƙwaron ya wuce tare da shi. Wani dattijo mai garka a bakin Gulbi ya ce mana: "Su faɗa muna wane icce anka hana, da Hausa, a rediyo. In akwai irinshi mai kyau a nan gida, mi za ya kai ni Katsina?"

Mun tambaye shi ko ya taɓa ganin jerin sunayen tsirran da aka hana shigowa da su. Ya ce shekara talatin yana aikin garka, ko sau ɗaya ba a karanta masa ba.