Karayar da ɗori ba ya kamawa

A ƙauyukan Damargu, daga Tanut zuwa Gangara, daga Olelewa zuwa Balbeji, akwai wata magana da kowa ya saba ji a wajen gaisuwar mutuwa: "Faɗuwa ta yi a bakin ɗaki, tun daga nan ba ta sake tashi ba." Sai a ce shekaru ne, a yi addu'a, a watse. Ajali gaskiya ne. Amma sau da yawa faɗuwar nan tana da suna, ita ce karayar ƙugu, kuma tarihinta a wurin likitocin duniya ya fi kama da namu fiye da yadda muke zato.

Ƙashin cinya ba miƙaƙƙe ba ne har sama. Kusa da ƙugu yana lanƙwasawa, ya yi ɗan wuya, wuyan ya ƙare da wani dunƙulen kai mai juyawa cikin gurbin kwatangwalo. Jijiyoyin da ke kai wa kan nan jini ta jikin wuyan suke bi. In wuyan ya karye ya goce, sai su tsinke, kan ya rasa abinci, ƙashin ya ƙi haɗewa ko ya mutu a ciki. In kuwa karayar ta sauko ƙasa kaɗan, inda ƙashin ya yi kauri, jini na isa wurin, yana iya haɗewa, ko da a karkace. Daga waje duka biyun kamanninsu ɗaya: tsoho ya kasa takawa, ƙafar ta gajarce, tafin ya juya waje.

Ban ga dalilin raina maɗora ba. Damargu rumbun hatsi ce a kan hanyar ayari tsakanin Kano, Damagaram da Agadas, ƙasar raƙuma da dawaki da rijiyoyi masu zurfi, saboda haka ba a taɓa rasa karaya ba, ba a kuma rasa gidan da ya gaji gyara ta ba. Maɗori yana ja, ya daidaita, ya jera kara ko ƴan sanduna, ya ɗaure. Ga damtse da ƙwauri dabarar tana da ma'ana, domin akwai ƙashi sama da ƙasa da za a riƙe. A ƙugu me za a ɗaure? Guntun sama bai fi ƙwan kaza girma ba sosai, yana can binne cikin tsoka, hannu ba ya kai gare shi balle kara.

A watan Janairu na 1851, lokacin da Heinrich Barth da abokan tafiyarsa suka rabu a Tagelal cikin Damargu, babban likitan Landan bai fi maɗorin ƙauyen nan dabara a kan wannan karaya ba. Astley Cooper, a littafinsa na 1822, ya bambanta karayar cikin gaɓa da ta wajenta, ya kuma yanke cewa ta ciki kusan ba ta haɗewa. Abin da ya rage shi ne kwanciya. A farkon ƙarni na 20 Royal Whitman na Niyok ya zo da tasa hanyar, a buɗe ƙafar a naɗe mutum da filasta daga ƙirji har tafin ƙafa, wata da watanni. Ɗori ne shi ma, na Bature. Wasu sun warke. Da yawa sun tafi, kuma ba ƙashin ne ya kashe su ba, kwanciyar ce: ciwon huhu, gyambon baya, gudan jini da ke daskarewa a ƙafa ya tashi ya toshe huhu, ciwon mafitsara. Har a 1935 wani likitan Amurka, Kellogg Speed, yana kiranta karayar da aka kasa warwarewa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne tunanin a yi ɗorin daga ciki. Hoton ƙashi, wanda a nan muke ce wa radiyo, ya samu tun 1895. A 1925, shekara guda kafin Faransawa su ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, Marius Smith-Petersen ya fara kafa wata ƙusa mai fiffike uku cikin wuyan ƙashin a birnin Boston, ya bayyana sakamakon a 1931. Shekara ta zagayo Sven Johansson na Suwidin ya huda tsakiyar ƙusar, don a zura ta bisa siririyar waya ba sai an buɗe gaɓar ba. A Jamus, Gerhard Küntscher ya zura dogon ƙarfe cikin ɓargon cinya tun 1939. Abokan aikinsa da yawa sun yi masa ca, sai da fursunonin yaƙi na Amurka suka koma gida a 1945 suna tafiya da ƙarfe a cinya sannan duniya ta waiwayo.

Ƙusa ba ta raya ƙashin da jini ya yanke masa. Daga nan aka ce to, a cire kan gaba ɗaya a sa wani. Ƴan'uwan nan biyu, su Judet, sun gwada na roba mai tauri a Paris a 1946, bai yi ƙarko ba. Austin Moore da Frederick Thompson suka fito da na ƙarfe wajen 1950, mai doguwar jela da ake cusawa cikin cinya. A 1962 John Charnley a Ingila ya daidaita sauya gaɓar duka, kai da gurbi. Yau zaɓin bai wuce waɗannan ba. Wuyan da ya tsage bai goce ba, a ɗaure shi da sukurori. Wanda ya goce a jikin tsoho, a sauya kan, ko gaɓar duka in mutum mai ƙarfi ne da ke zirga-zirgarsa. Karayar ƙasa da wuya kuwa, faranti mai sukuru ko ƙarfen cikin ɓargo. Manufarsu ɗaya, tsoho ya zauna washegari, ya fara takawa cikin kwanaki. Shi ya sa a Ingila ƙa'ida ita ce a yi aikin ranar da aka kawo mutum ko washegari. Duk da haka, a ƙasashen da ke da komai, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya cika shekara bayan wannan karaya. Mai karatu ya auna namu da kansa.

A ƙasar Hausa aikin ya iso a makare, kuma birni ya sauka. Asibitin mishan na Galmi ya buɗe a 1950, asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, kuma har gobe mai hali daga jihar Damagaram yana iya tsallaka iyaka ya nufi Dala. Tun tsakiyar shekarun 2000 Nijar ta fara horar da likitoci na gama-gari su yi fiɗa a asibitocin gunduma, abin da ya ceci mata masu naƙuda da masu ƙaba ba adadi, sai dai ba don sa ƙarfe a ƙugu aka tsara shi ba. Wannan aikin na babban asibitin ƙasa ne da ke Damagaram, wajen kilomita 150 daga Tanut. Balbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, amma takardar gwamnati ba ta rage nisan hanya. Tsohuwar da ta faɗi a wani tunga cikin Tarka sai an ɗora ta a amalanke zuwa inda mota ke wucewa, kowane rami yana motsa karayar. Kyautar magani ta 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar da fiɗar haihuwa da wasu bukatun mata, karayar tsofaffi ba ta ciki. Ga kuɗin ƙarfe, ga jini, ga abincin masu jinya. Sai ƴaƴa su zauna shawara, wani ya ce a sayar da sa, wani ya ce Inna ta tsufa, kada a yanka ta a banza. Maɗori kuwa yana kusa, an san gidansu, kuma ba ya neman kuɗi kafin ya taɓa.

Wannan magana ta "ta tsufa da fiɗa" ita ce na fi so a sake dubawa, don tarihin da na kawo ya juya ta. Saurayi yana iya jure wata uku a kwance da nauyi rataye a ƙafa, kamar yadda ake yi a asibitocin Afirka da dama in babu ƙarfe. Tsohuwa ce ba ta iyawa. Saboda ita aka ƙirƙiro aikin. Kan ƙarfe irin na Moore, mai shekara saba'in da ɗoriya, har yanzu ana sa shi a asibitocin yankinmu don ya fi araha, kuma yana tayar da mutum.

Ba na tsammanin za a kawo likitan ƙashi kowace gunduma nan kusa. Abin da ake iya yi a bana ƙarami ne: ma'aikatan lafiya na Tanut da Balbeji su zauna da sarakunan ɗori, a yarda cewa tsohon da ya faɗi ya kasa takawa, ƙafarsa ta gajarce ta juya waje, ba a ja, ba a murzawa, sai an ɗauki radiyo. Maɗori shi ne mutum na farko da iyali ke kira, kuma in shi ya ce a kama hanyar Damagaram yau, ƴaƴan za su fi jin tasa a kan ta kowane likita.