Rabiɗar Alawiyya da Rajistar Nasaba a Indonesiya: Tarihi da Darasi

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, kiyaye nasaba na daga cikin abubuwan da shari'a ta ba su muhimmanci, domin hukunce-hukuncen gado da muharramaka da sada zumunci duk a kanta suka rataya, haka nan haramcin karɓar zakka ga Banu Hashim. Wannan maƙala ta dubi tarihin wata ƙungiya da Larabawan Hadaramautu suka kafa a Indonesiya domin tsare nasabarsu, da abin da tarihin nata yake koyarwa game da amfanin rubuta salsala da kuma haɗarin da ke tattare da shi.

Asalin aikin a daulolin Musulunci

Tun zamanin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, aka tsara diwanin rabon dukiya bisa ƙabilu, aka fara da dangin Annabi. Daga baya malamai suka mayar da nasaba fanni mai zaman kansa, irin su Ibnul Kalbi mai Jamharatun Nasab da Ibnu Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 456 Hijiriyya. A zamanin Abbasiyawa aka samar da muƙamin naƙibi, wato shugaban sharifai. Almawardi ya keɓe masa babi a cikin Al'ahkamus Sulɗaniyya, inda ya bayyana cewa aikinsa ya haɗa da hana bare shiga nasabar, da hana ɗan gida fita daga cikinta, da sanin wanda aka haifa da wanda ya rasu. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ma ta ci gaba da wannan muƙami. A duk waɗannan wurare hukuma ce ke riƙe da rajista. Abin tambaya shi ne yadda al'umma za ta yi idan ta wayi gari a ƙasar da mai mulkinta ba Musulmi ba ne, babu kuma naƙibin da sarki ya naɗa.

Daga Tarim zuwa tsibirin Jawa

Zuriyar Ba Alawi suna danganta kansu da Ahmad bin Isa Almuhajir, daga tsatson Sayyidina Husaini, wanda ya bar Basra ya sauka Hadaramautu a ƙarni na huɗu na Hijira. Daga cikinsu ne gidajen Assaƙƙaf da Alhaddad da Al'aɗɗas da Al'aidarus suka fito, birnin Tarim kuwa ya zama cibiyar iliminsu. Bayan buɗe mashigin Suwais a 1869 da yawaitar jiragen ruwa masu tururi, ƙaurarsu zuwa tsibiran da Turawan Holan ke mulka ta ƙaru ainun. Mafi yawan masu ƙaurar maza ne, suka auri matan ƙasar, aka haifi jikokin da ba su taɓa ganin Tarim ba, wasunsu ma Larabci ya kuɓuce musu. Muftin Tarim, Abdurrahman bin Muhammad Almashhur, wanda ya rasu a 1320 Hijiriyya, ya tattara rassan zuriyar a littafinsa Shamsuz Zahira. Sai dai littafi yana tsayawa inda mai shi ya ajiye alƙalami, haihuwa kuwa ba ta tsayawa.

Rikicin kafa'a

Abin da ya zafafa maganar nasaba shi ne mas'alar kafa'a, wato dacewar miji da mata a aure. A 1905 aka yi saɓani a kan auren wata sharifiya da wani Musulmi ɗan Indiya a Singafo, Rashid Rida ya yi fatawa a mujallar Almanar cewa auren ya inganta. A 1913 Shaihu Ahmad Surkati, malami ɗan ƙasar Sudan wanda ƙungiyar Jam'iyyatu Khair ta gayyato domin koyarwa, ya bayar da irin wannan amsa a birnin Solo. Manyan sharifai suka ƙi, ya rabu da su, a 1914 aka kafa ƙungiyar Al'irshad. Ɗalibin fiƙihu zai gane tushen saɓanin: Shafi'iyya, mazhabar Hadaramautu da Indonesiya, suna lura da nasaba a kafa'a, alhali mashhurin zancen Malikiyya ya taƙaita ta ga addini da kuɓuta daga aibobin da ke ba da zaɓi a aure. A 1931 Al'irshad ta zartar cewa laƙabin sayyid kalmar girmamawa ce da kowa zai iya ɗauka.

Kafuwar ƙungiya da ofishin rajista

A cikin wannan yanayi aka kafa Arrabiɗatul Alawiyya a Batabiya, wato Jakarta ta yau, a watan Disamba na 1928. A 1932 ta buɗe Almaktabud Da'imi, ofishin dindindin na nasaba, aka ɗora wa Sayyid Ali bin Ja'afar Assaƙƙaf aikin zagaya garuruwa yana ƙidayar zuriyar gida gida. Ta haka aikin da naƙibi yake yi da ikon sarki ya koma hannun ƙungiyar sa kai. Mai neman tabbatar da nasabarsa yakan kawo sunayen iyaye da kakanni tare da shaidu, a gwada da abin da ke cikin rajista, sannan a ba shi ɗan littafin shaida. Ƙungiyar ta haɗa wannan da tallafin karatu da kula da marayu, domin wanda aka san sunansa a rajista ya fi sauƙin a san halin da yake ciki.

Rajistar ba ta kashe gardama ba. Tun daga 2022 wani malami na yankin Banten, Imaduddin Usman, ya tayar da shubuha a kan Ubaidullahi ɗan Ahmad Almuhajir, yana mai cewa littattafan nasaba na kusa da zamaninsa ba su ambace shi ba. Malaman Ba Alawi suka mayar da martani da cewa nasaba tana tabbata da shahara da yaɗuwar labari, kamar yadda malaman fiƙihu suka tabbatar, rashin ambato kuma ba ya zama hujjar kore abu.

Kammalawa

Tarihin wannan ƙungiya ya nuna cewa rubuta salsala amana ce da al'umma za ta iya ɗauka ko da babu hukumar da ta tsaya mata, kuma ta hanyarsa dangin da teku ya raba suka san juna. Ya kuma nuna cewa rajista tana shaidar abin da ya gudana bayan buɗe ta, abin da ya gabace ta sai an koma ga ƙa'idojin fiƙihu da tarihi. Shari'a ta sanya iyaka ta ɓangarori biyu: hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, sun kuma ƙirga sukar nasaba da alfahari da asali cikin ɗabi'un jahiliyya. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta sanya sanin juna ya zama hikimar rarrabuwar ƙabilu, fifiko kuwa ta rataya shi ga taƙawa. Da wannan ma'auni ya kamata a auna duk ƙungiyar da ke riƙe da littafin nasaba. Allah ne Mafi sani.