Kiɗan Maza da Yanke Ƙauna a Kudancin Katsina

Kiɗan masana'antu, wato salon da ƙungiyar Throbbing Gristle ta assasa a Ingila a shekarun 1970, ya ginu ne a kan ƙarar injuna da ƙarafa, kuma da ya gauraya da kiɗan jita a Amurka, kamar a faifan Nine Inch Nails na 1994, sai jigonsa ya koma kukan mutum guda da ya yanke ƙauna da kansa da zamaninsa. Ƙasar Hausa ba ta rasa kiɗan da ke duban mutuwa ido da ido ba, sai dai ta bi da shi ta wata hanya dabam.

Masana adabin baka suna kiran wannan rukuni waƙoƙin maza, ma'ana waɗanda ake yi wa mafarauta da 'yan dambe da 'yan tauri, wato masu shan magani don kada ƙarfe ya kama su. Garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da yake suna gefen dazuzzukan da suka miƙa zuwa Zamfara da Birnin Gwari, sun daɗe da sanin farautar rani da kiɗan da ke raka ta, kuma daga baya kaset ya kawo musu muryoyin Kassu Zurmi da Ɗan Anace da Muhammadu Gambu mai waƙar ɓarayi. Waƙoƙin cike suke da kabari da jini da maraici, amma makaɗin ba ya kuka da bakinsa, domin al'ada ba ta yarda namiji ya bayyana karaya ba. Yakan zuga gwaninsa ne ta hanyar tuna masa cewa kwana ba ya ƙaruwa, don haka gudu ba shi da amfani. Yanke ƙaunar tana nan, kirari ne kawai ya lulluɓe ta. Gambu, wanda ya fi kowa shan suka har ya tuba daga baya, ya zana rayuwar da ƙarshenta kurkuku ne ko kisa, ko da yake masu saurare da yawa yabon kaɗai suka ji.

Abin da ya raunana wannan kiɗa bai tsaya ga wa'azin malamai ba, bindiga ma ta yi nata, domin maganin tauri na wuƙa da takobi ne, kuma dajin da ake farauta ya koma hannun 'yan fashi. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sannan a 2021 gwamnatin Katsina ƙarƙashin Aminu Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kiɗan maza yana buƙatar dandali da taron dare, kuma su ne suka fara gagara a ƙauyukan yankin.