Rediyo mai kwalba a ƙasar Gobir: abin da ya sa ya yi shiru, da yadda ake tashinsa

 Yau maganar wani akwati za mu yi, wanda da yawanmu 'yan Sabon Birni da Isa mun taɓa ganinsa a ɗakin kakanni, ƙura ta rufe shi, wani lokaci ma an mayar da shi wurin ɗora kwanon goro. Rediyo nake nufi, amma irin na farko, mai ƙananan kwalabe a ciki masu kama da ƙwan fitila, waɗanda masu gyara ke kira bawul. Nauyinsa da batirinsa ya isa kayan jaki.

Bari mu fara da yadda ya iso mana. Rediyon farko da Turawa suka kawo Arewa ba ya kamo komai daga iska. Waya ake ja daga ofis zuwa akwatin magana a gida ko a dandali, abin da aka saka maka shi za ka ji. An buɗe irin wannan a Kano a 1944, sannan wasu manyan birane suka samu. To mu da ke bakin iyaka, wa zai ja mana waya tun daga Sakkwato? Ga shi babu lantarki. Saboda haka abin da zai yi aiki a garuruwa irin namu shi ne rediyo mai batir, mai kama gajeren zango.

A 1949 kamfanin Ever Ready na Ingila ya fito da wani rediyo mai araha domin Afirka, aka fara sayar da shi a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya. Jikinsa kamar tukunyar alminiyam, shi ya sa aka yi masa laƙabi da Saucepan Special. Kwalabe huɗu gare shi, kuɗinsa fam 5, batirinsa sule 25, yana yin kamar awa 300 kafin ya mutu. Wannan kamfanin kuma shi ke da sunan Berec na kayan da yake fitarwa waje, sunan da iyayenmu suka fi sani a jikin batirin tocila.

Ku duba lokacin da waɗannan akwatuna suka zo. Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara shirin Hausa, minti 15 kacal, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1958 aka buɗe gidan rediyon Nijar a Yamai. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe na Kaduna, a 1963 Jamus ta fara nata sashen Hausa. Mu kuwa Gobirawa, iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba mu biyu: Tsibiri da Maraɗi can, Sabon Birni da Isa nan. Amma mai rediyo in ya murɗa kaɗan ya ji Kaduna, ya ƙara murɗawa ya ji Yamai, babu jami'in kwastan a tsakani. Ta irin wannan akwati ne labarin 'yancin kan Nijar da na Najeriya ya shigo zauruka a 1960, ta nan aka ji rasuwar Sardauna a Janairun 1966. Kuma ta rediyo ne muryar Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ta kai garuruwan da shi kansa bai taɓa takawa ba.

To me ya sa suka yi shiru? Nan ne abin yake da ban sha'awa. Da yawansu ba lalacewa suka yi ba, batirinsu ne ya ɓace daga kasuwa. Kwalbar nan wuta iri biyu take so. Akwai ƙarama, bolt ɗaya da rabi, mai ɗumama siririn zaren da ke cikinta. Akwai babba, bolt 90, wadda ke jan siginar ta ƙara mata ƙarfi. Duka biyun a dunƙule suke cikin batir guda mai girman bulo. Da aka ƙirƙiro tiransisto a Amurka a 1947, rediyonsa ya shiga kasuwa a 1954, sai ƙananan rediyoyin Japan suka biyo baya, masu cin batirin tocila, masu rataye a kafaɗa ko a ƙahon keke. Wa zai ci gaba da sayen bulo? 'Yan kasuwa suka daina kawowa, kamfani ya daina yi, kaka ya ɗora nasa a kan katanga da niyyar sai an samu batir. Har yau ba a samu ba.

Akwai ɗaya a hannuna, samfurin Berec, daga gidanmu. Ni da wani dattijo mai gyaran rediyo muka tashe shi, kuma ga abin da na koya, ko da wani cikinku yana da irinsa.

Na farko, batir. Ka sayi ƙananan batura masu bolt 9 guda goma, ka jera su, kan wannan a gindin wancan. Tara sau goma, casa'in kenan. Sai babban batirin tocila guda ɗaya domin zaren. Amma fa a kula: in wayar casa'in ta taɓa layin zaren, cikin ƙiftawar ido duk kwalaben huɗu sun ƙone. Ka tabbatar da kowace waya da mita kafin ka haɗa.

Na biyu, kada ka yi saurin zargin kwalaben. Sun fi yadda ake zato ƙarko. Abin da ya fi mutuwa shi ne kafasito, musamman tsofaffin na takarda da aka shafe da kakin zuma. Zafinmu da damshin damina suna sa su yoyon wuta. Sa'ar da aka yi, sabbin na roba masu adadi iri ɗaya suna maye gurbinsu, kuma ana samu a wurin masu sayar da kayan gyaran talabijin a Sakkwato, ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Ka dai duba cewa wanda za ka saya yana ɗaukar sama da bolt 100. Bayan su sai ƙaramar taransifomar da ke bayan sifika, wadda siririyar wayarta kan tsinke, sai takardar sifikar da ɓera ko gara suka ci, sai zaren da ke jan allurar tasha. Duk waɗannan hannu da dalma da haƙuri suna gyarawa.

Na uku, in kwalbar ce da kanta ta mutu, lambar da ke jikinta ita ce sunanta. Za ka ga irin su DK91, DF91, DAF91, DL94. Amurkawa suna kiran waɗannan 1R5, 1T4, 1S5, 3V4, abu ɗaya ne. Har yanzu ana ƙera kwalabe a Rasha da Sin da Sulobakiya, amma galibi na kayan kiɗa ne. Irin na rediyon batir sai tsohon ajiya da ake sayarwa a intanet, ko kuma a ciro daga wani mataccen rediyo. Shi ya sa ko akwatin da ya ruɓe yana da daraja: kayan cikinsa za su tashi wani. Wanda kuma nasa na lantarki ne, kada ya kuskura ya jona kai tsaye. Wutar cikinsa ta haura bolt 200, tana kisa. A kai wa wanda ya sani.

Wani zai ce, malam, mutane na gudun hijira kana maganar tsohon rediyo? Ina sane. Ai saboda haka ma nake yi. Ku tuna Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Wayoyinmu masu tsada suka zama tocila. Waɗanda muke yi wa dariya da eriya a kunne, su muka koma tambaya me duniya ke ciki. Gajeren zango ba ya buƙatar dogon ƙarfen kamfani a bayan gari, daga dubban kilomita yake tahowa. Ilimin gyara shi bai kamata ya mutu a yankin da za a iya rufe wa baki da takarda guda ba.

Kuma asarar tana faruwa yanzu haka. Iyali in sun tashi daga ƙauye cikin dare, abin da za a ci suke ɗauka. Abin da aka bari ko aka tsira da shi, yunwa kan sa a miƙa wa 'yan gwangwan, su ɗora a sikeli, su fasa kwalaben, su kwashe jan ƙarfe da alminiyam. Dattawan da suka san karanta cikin waɗannan akwatuna kuma suna ta ƙarewa, yaran shagonsu duk sun koma gyaran waya. Kafasito ana saye, kwalba ana nema a samu, amma mutumin da ya san inda zai ɗora mita in ya tafi babu kasuwar da ake sayo shi.

Don haka ga roƙona. In akwai irin wannan a gidanku, kada a sayar a kilo. Buɗe bayansa a hankali, ɗauki hoton takardar da ke liƙe ciki da lambobin kwalaben. Tambayi tsofaffin gidan: wa ya saya, a wace kasuwa, Shinkafi ko Maraɗi, nawa aka biya, wane labari aka fara ji a ciki? Ka naɗi amsar a wayarka. In kuma akwai tsohon mai gyara a garinku ko inda kuke zaman hijira, je ka gaishe shi, ka zauna, ka riƙe masa dalma.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Gobir ta gabas da ta yamma.