YADDA YUNWA TA RENI SHAWUL: TARIHIN SAƘAR KWARASHI

 Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da yawancinmu maza muke gani a ɗakunan matanmu amma ba mu taɓa tambayar asalinsa ba, wato saƙar kwarashi, musamman shawul ɗin nan mai huji-huji kamar leshi da ake naɗe jariri da shi ranar suna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya ina zaune a rumfata a kasuwar Gbagi, sai wata baiwar Allah daga unguwarmu ta aiko 'yarta da wani farin shawul, wai in taimaka in sayar mata. Mako uku cur ta yi tana saƙa shi. Wata mai saye ta ɗaga shi, ta juya, ta yaba, sannan ta taya kuɗin da da ƙyar zai mayar da na zare, ta ce ai na inji ya fi araha. Ni kuma, abin kunya, maimakon in tsaya wa mai kaya, sai na ce wa yarinyar ta je ta ce da uwarta ta rage. Da dare ya yi na kasa barci, don na tuna Innarmu, Allah Ya ji ƙanta. Zan dawo kan labarinta, amma bari mu fara daga tushe.

ASALIN SUNAN DA SANA'AR

Kalmar kwarashi baƙuwa ce. Daga Faransanci ta fito, inda suke cewa kuroshe, ma'ana 'yar ƙaramar ƙugiya. Ingilishi suka ara, mu kuma bakinmu ya lanƙwasa ta. Haka shi ma shawul, asalinsa shal ne a harshen Farisa, kuma mayafan Kashmir na gashin awaki su suka sa sunan ya zaga duniya.

Mutane da yawa suna zaton kwarashi tsohuwar sana'a ce tun kaka da kakanni, kamar saƙar masaƙa da kaɗi da muka gada. To ba haka ba ne. A yadda muka san ta yau, ba ta wuce shekara 200 da 'yan kai ba. Rubutaccen bayani na farko da aka sani mai koyar da ita da wannan suna ya fito ne a wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé a shekarar 1823, kuma abin da aka koyar ba mayafi ba ne, 'yan jakunkunan kuɗi ne na zaren siliki. Wato da farko aikin matan masu hali ne, abin kashe lokaci bayan an ci an ƙoshi. A 1846 wata mata a Landan, Riego de la Branchardière, ta buga littafinta na farko, ta bi shi da wasu da dama, ta nuna cewa da ƙugiya ɗaya ana iya kwaikwayon leshin allura na birnin Benis a Italiya, wanda a da sai sarakuna da attajirai ke iya saye, domin yanki kaɗan yakan ci watanni.

Ga waɗanda ba su taɓa lura ba, bambancin kwarashi da saƙar kibiya shi ne, ita kibiya biyu ake riƙewa, da madaukai masu yawa jere a kanta, in ɗaya ya suɓuce sai layi ya warware har ƙasa. Shi kuwa kwarashi ɗaya ne tak, madauki ɗaya ne a bakinsa, sai an gama wannan a kama na gaba. Da sarƙa ake farawa. Hujin nan da ke ba shawul kyau kuwa, sarƙoƙi ne ake yi a tsallake wasu gurabe, ta yadda rami da cike za su fitar da fure ko ganye. In an gama a wanke, a shimfiɗa, a ja gefuna a kafe su har ya bushe, sannan adon ya buɗe.

SHEKARUN YUNWA A AILAN

Abin da ya fitar da wannan sana'a daga falon masu kuɗi zuwa bukkar talaka, masifa ce. Ailan tsibiri ne a yamma da Ingila, a lokacin yana ƙarƙashin mulkin Ingilishi. Ƙidayar 1841 ta nuna mutanensa sun haura miliyan 8. Yawancin gonaki na manyan masu ƙasa ne, talaka haya yake yi, hatsin da ya noma da shi yake biyan haya, shi da iyalinsa kuma dankalin Turawa suke ci safe da dare. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, sai a haƙo shi a tarar ya yi baƙi ya ruɓe yana wari. Ta sake dawowa shekara bayan shekara, wahalar ba ta lafa ba sai wajen 1852. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukan da ke biye da ita, sama da miliyan ɗaya kuma suka shiga jirgin ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Har yau da nake wannan rubutu, yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake a 1841 ba. Mai karatu, ka auna girman abin.

A cikin wannan hali ne wasu mata suka ga cewa rabon abinci kaɗai ba zai kai ko'ina ba, gara a ba mutane abin yi. A Blackrock, kusa da birnin Cork, sistocin Katolika suka fara koya wa 'yan mata kwarashi. A garin Clones da ke lardin Monaghan kuma, Cassandra Hand, matar wani limamin coci, ta kawo malamar saƙa wajen 1847, ta kuma nemo masu saye a Ingila. Dalilin da ya sa aka zaɓi kwarashi a fili yake: jarinsa ba shi da yawa. Zaren auduga ya yi araha saboda masana'antun Ingila. Ƙugiyar kuwa, sau da yawa allurar ɗinki ce ake fasa gefen kafarta ta zama ƙugiya, a soka tsininta a guntun itace a yi mata mariƙi. Kuma aikin ya fi leshin allura sauri nesa ba kusa ba, in ya yi dauɗa da hayaƙin bukka a wanke shi ya koma fari.

Tsarin aikinsu shi ne abin da ya fi burge ni a matsayina na ɗan kasuwa. Ba mutum ɗaya ke saƙa mayafi daga farko har ƙarshe ba. Wannan ta ƙware a fure, waccan a ganye, wata a nonon inabi. Yara, har da maza, suna yin masu sauƙi. Sai a tara su a kai wa gwanaye, su jera su a kan ƙyalle bisa zanen da ake so, su haɗe su da raga mai laushi, sannan a cire ƙyallen. Wasu gidaje har ɓoye furensu suke yi in baƙo ya shigo, don kada a sace musu fasaha, kamar dai yadda kowane gidan masu kilishi ke ɓoye sirrin haɗinsa. Da kuɗin nan aka sayi garin masara, aka biya haya, wasu kuma suka tara kuɗin jirgi. Waɗanda suka isa Amurka suka tafi da ƙugiyarsu a aljihu, don ita ce jarin da ba a biya masa kuɗin dako.

Da farko manyan matan Ingila sun raina kayan, suna ce masa leshin talaka. Sai Sarauniya Biktoriya ta saya ta sa, daga baya ma ta koya da kanta. A 1900, tana da shekara sama da 80, ta saƙa mayafan wuya guda 8 da hannunta aka ba zaɓaɓɓun sojoji a yaƙin Afirka ta Kudu. To ka san halin mutane, abin da sarki ya sa shi ne ado. Zuwa farkon shekarun 1900 manyan teloli na Faris suna ɗinka riguna sukutum da saƙar Ailan.

YADDA KASUWAR TA FAƊI

Abu biyu suka karya ta, kuma a nan ne darasinmu yake. Na farko dillalai. Da suka ga ana nema, sai suka riƙa matsa wa masu saƙa su rage farashi. Mace in ta ga aikin kirki da na ha'inci kuɗinsu ɗaya, sai ta koma zare mai kauri da fure mai sauƙi don ta gama da wuri. Inganci ya faɗi, suna ya ɓaci. Na biyu inji. A 1863 wani mutumin Suwizalan, Isaak Gröbli, ya ƙera injin surfani mai allurai da yawa. A farkon shekarun 1880 kuma aka gano dabarar yin surfani a kan wani ƙyalle sannan a narkar da ƙyallen da sinadari, zaren kaɗai ya rage, ya fito kamar leshin hannu. Biranen St. Gallen a Suwizalan da Plauen a Jamus suka cika duniya da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, yayin ado ya sauya, saƙar Ailan ta kusa mutuwa, sai a ƙarshen shekarun 1980 aka farfaɗo da ita a Clones.

Yanzu ga abin mamaki. Leshin nan da muke sayarwa a Gbagi da Balogun ta Ikko, wanda Yarabawa maƙwabtanmu ba sa biki sai da shi, mu ma matanmu suke fitar da anko da shi, jikan wancan inji ne. Tun shekarun 1960 masana'antun Lustenau a Ostiriya, garin da kogi kawai ya raba shi da Suwizalan, suka mai da Nijeriya babbar kasuwarsu. Yawancin abin da muke kira leshi surfanin inji ne aka huhhuda. Amma kwarashi na gaskiya, har yau ba a da injin kasuwa da ke yin sa. Wanda ake cewa na inji, kwaikwayo ne da wata irin saƙa. Saboda haka duk shawul na kwarashi da ka gani, kowane madauki a jikinsa yatsun wani ɗan Adam ne suka ja shi.

YADDA TA ISO MU

Ta makarantun 'yan mata ta shigo, na mishan da na gwamnati, inda ake koyar da ɗinki da saƙa da girki, sannan ta bi ta gidaje daga maƙwabciya zuwa maƙwabciya. Wani abin lura, sistocin St. Louis da suka sauka Kano a 1948, waɗanda makarantarsu take nan Mokola kusa da mu, daga Monaghan suka fito, lardin da Clones take. Daga baya cibiyoyin koyar da mata sana'a suka ƙara yaɗa ta, musamman zamanin shirin Better Life na Maryam Babangida da aka fara a 1987. Matan kulle suka karɓe ta hannu biyu, don sana'a ce da ba ta bukatar fita: yarinya ta sayo ulu, yarinya ta kai talla gidan suna.

Na ce zan dawo kan Innarmu. Mahaifinmu fataken goro ne, yana saye a Shagamu yana turawa Arewa. Bayan da aka shigo da tsarin SAP a 1986, Naira ta faɗi, kuɗin mota ya tashi, ga bashin da ya maƙale a hannun mutane, jarinsa ya karye. Kusan shekara biyu, abin da ya riƙe tukunyar gidanmu kwarashin Inna ne: shawul, da hular jarirai, da safa, da marufin tebur. Ina iya tuna ta a gaban fitilar ƙwai bayan sallar isha, tana ƙirga madaukai a hankali, in muka yi surutu ta ɗaga mana hannu don kada lissafi ya ɓace. Da shi aka biya mini kuɗin Islamiyya. Ni ne kuma yau nake ce wa 'yar wata ta je a rage. Washegari na aika aka kira yarinyar, na sayi shawul ɗin a kuɗin da uwarta ta faɗa, na rataye shi a gaban rumfa, kuma bai kwana uku ba wata Bayarabiya da ta san darajar aikin hannu ta saye shi ba tare da ja-in-ja ba.

KIRA GA 'YAN UWA

Mu mutanen zango, tun da aka kafa Sabo a 1916 muke zaune a ƙasar da ba mu da gona a cikinta. Gonarmu ita ce sana'a. Ranar da kasuwar shanu ko ta goro ta tsaya, ko rikici ya hana fita, abin da ke hannun matanmu shi ne rumbunmu, kamar yadda ya zama wa mutanen Ailan. Malamanmu sun karantar da mu cewa Annabi Dawuda (AS) maƙerin sulke ne, yana sarƙa zobe cikin zobe, kuma Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (RA) da aikin hannunta take sadaka. To wane ne mu da za mu raina?

Shawarata uku ce. 'Yan kasuwa, mu ji tsoron Allah wajen tayi, mu lissafa kuɗin zare da kwanakin aiki kafin mu buɗe baki, kada mu zama dillalan da suka kashe kasuwar Cork da Clones. Iyaye mata masu saƙa, ku haɗa kai ku sayi zare a sari, ku raba aiki kowa da abin da ta fi gwaninta, ku tsayar da farashi ɗaya, kuma kada araha ta sa ku rage inganci. Shugabannin ƙungiyarmu kuma, a duba yiwuwar ware rana ɗaya a mako a Islamiyyar matan aure, tsofaffin da suka iya su koya wa yara tun suna raye, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya tsare mu da yunwa, Ya sa albarka a neman kowa, Ya ji ƙan iyayenmu da suka rene mu da guminsu, amin.