Amina: fim ɗin yaƙi da mace ke jan ragamarsa

Amina fim ne na Najeriya da Izu Ojukwu ya ba da umarni, Okechukwu Ogunjiofor ya shirya. Ya fito a Netflix a watan Nuwamba na 2021. Lucy Ameh ce ta fito a matsayin Sarauniya Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, wadda ruwayar da ta fi yaɗuwa ke cewa ta yi zamani a ƙarni na 16. Ali Nuhu ma yana ciki.

Kasuwar Kannywood ta daɗe tana tafiya kan soyayya da rawa da waƙa irin ta Indiya, domin fim ɗin yaƙi na cin kuɗi: dawaki, makamai, tarin mutane. Mace a ciki galibi amarya ce ko kishiya. Amina ya ɗora ta kan doki da takobi, kuma ya samu karɓuwa: ya shiga jerin fina-finai 10 da aka fi kallo a Netflix a duniya, ya kuma ci kyautar fim mafi kyau a gasar AMVCA ta 2022. A shekarar ce The Woman King, labarin mayaƙa mata na Dahomey da Viola Davis ta jagoranta, ya tara fiye da dala miliyan 90 a gidajen sinima.

Ƙorafin Hausawa da yawa shi ne harshe da sutura, kuma suna da gaskiya. Akasarin hirar da Turanci ake yi, don haka Bahaushen Farcha a N'Djamena, mai Larabcin Cadi da Faransanci, sai ya bi labarin Zazzau ta fassara.