Tarihin Rufin Dutse a Ƙasar Wales

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukaki ya kimsa a cikin ƙasa akwai wani irin dutse wanda asalinsa laka ce da ta kwanta a ƙarƙashin teku, zamani mai tsawo ya shuɗe a kanta, nauyi da zafi suka matse ta har ta zama dutse mai tsaguwa falle-falle, wanda ruwa ba ya ratsa shi, wuta kuma ba ta cinsa. Irinsa ne aka yi allunan 'yan makarantar boko da shi a da, shi ya sa muke kiransa dutsen allo. A arewacin Wales, cikin Birtaniya, sha'aninsa ya ɗaukaka ƙwarai, domin tun zamanin Rumawa aka rufa sansanin Segontium da shi, kusa da garin Caernarfon na yau.

Sana'ar ta daɗe a hannun talakawa masu haƙa gwargwadon bukatarsu, sai a wajejen 1780 wani attajiri, Richard Pennant, ya karɓe ma'adinin Penrhyn ya faɗaɗa shi, ya gina tashar jiragen ruwa a 1790, aka kuma shimfiɗa dogon da dawakai ke jan kekuna a kansa a 1801. Wajibi ne a faɗi inda jarinsa ya fito: daga gonakin rake na Jamaika, waɗanda bayin da aka kwaso daga Afirka ke nomawa, shi kansa kuwa ya yi jayayya a majalisa da masu neman a haramta cinikin bayi. Da hukuma ta soke harajin dutsen a 1831, birane kuma suka cika da ma'aikatan masana'antu masu bukatar muhalli, sannan gobara ta cinye Hamburg ta Jamus a 1842 aka shiga sake gina ta, sai kasuwa ta buɗe, har a 1898 mutum wajen 17,000 suka fitar da tan 485,000.

Amma darajar rufin tana hannun mutum biyu. Na farko shi ne mai tsagawa, wanda yake zaune da dunƙulen dutse jingine da gwiwarsa, ya duba jijiyarsa, ya ɗora bakin ƙarfe ya buga, dutsen ya rabu gida biyu, ya sake raba kowane ɓari har ya kai kaurin da ake so. Na biyu shi ne mai rufi, wanda yake fara ware fallayen bisa kaurinsu, masu kauri su zauna ƙasa, marasa kauri su hau sama. Yakan huda kowane falle huji biyu, ya kafe shi a katakon rufin mai gangare da ƙusar jan ƙarfe, saboda ƙusar baƙin ƙarfe takan yi tsatsa ta karye alhali dutsen yana nan garau. Daga bakin rufi yake farawa ya nufi ƙololuwa, kamar yadda ake baibaye jinka, kowane sahu ya hau kan na ƙasa da shi har ya taɓo kan na biyu da misalin inci 3, mahaɗar fallaye biyu kuma ta faɗa tsakiyar fallen da ke ƙarƙashinsu, don kada ruwa ya sami kafa. Rufin da aka yi bisa wannan ƙa'ida yakan haura shekara 100.

Sai dai ma'abota wannan gwaninta ba su ci moriyarta ba, gama ƙurar dutsen ta lalata huhun da yawansu, ladansu kuma ƙalilan ne. Masu aikin ma'adinan sun kafa ƙungiya a 1874, a watan Nuwamba na 1900 kuwa saɓani ya ɓarke a Penrhyn, mutum wajen 2,800 suka bar aiki, rikicin bai ƙare ba sai bayan shekara 3, lokacin da yunwa ta riga ta watsa iyalai da dama na ma'aikatan a garin Bethesda. Daga nan tayil mai araha ya ci kasuwa, aka rufe babban ma'adinin Dinorwig a 1969.

A 2021 hukumar UNESCO ta sanya wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya. Adalci shi ne duk wanda ya ba da labarinsa ya ambaci bawan Jamaika da lebura na Bethesda kafin ya ambaci mai jari, domin da guminsu aka rufa waɗannan birane, kuma haƙƙin ma'aikaci ba ya faɗuwa saboda daɗewar zamani.